Yadda zaka haɗa tukunya biyu su riƙe maka kayan miya a zafin Zariya

Duk wanda yayi bazara a Zariya yasan halin da kayan miya ke shiga daga Maris zuwa Afrilu, ka sayo tumatir da alayyahu a kasuwar Sabon Gari yau, kafin jibi sunyi laushi sun fara ruwa, firij kuma ko kana dashi sai an kawo wuta. Akwai wata hanya da Mohammed Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har kamfanin agogo na Rolex ya bashi lambar yabo a shekarar 2000, tukunyar ƙasa biyu ce kawai da yashi da ruwa.

Kafin ka haɗa ka fara gane yadda zafi yake tafiya, don anan mutane suke ɓata abin. Zafi kullum daga abu mai zafi yake wucewa zuwa wanda bai kaishi zafi ba, baya juyowa da kansa. Yana bi ta taɓawa, shi yasa cokalin ƙarfen da ka bari a shayi yake ƙona hannu amma na katako baya yi. Yana bin iska ko ruwa in suna motsi, sannan yana zuwa ta hasken rana ko babu abinda ya taɓa ka, wannan ne yake gasa kwanon rufi da azahar. To aikin tukunyar ta janye zafi daga jikin kayan miyan, kai kuma naka ka hana wani sabon zafin shigowa.

Ka nemi babbar tukunya da ƙarama wadda zata shige ciki ta bar fili kamar yatsa biyu ko uku ta kowane gefe. Babbar lallai ta zama ta ƙasa zalla, ba fenti ba shafen siminti, irin wadda in ka zuba ruwa zaka ga bayanta yayi damshi. Roba ko silba bazasu yi ba ko kaɗan. Ka zuba yashi a gindin babbar yadda in ka ɗora ƙaramar bakinsu zaizo daidai, sai ka cika tsakaninsu da yashi mai tsafta wanda aka tankaɗe, ka riƙa zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi amma kar ya kwanta a sama. Ka jera kayan a ƙaramar, a bushe fa, kar ka wanke tumatir ka saka da ruwansa, sannan ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara.

Sirrin yana wajen ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa. Ruwa baya bin iska sai ya ɗebi zafi ya tafi dashi, kuma ba kaɗan yake ɗiba ba, zafin da lita 1 take buƙata kafin ta bushe ya ninka sau 5 wanda zai ɗagata daga digiri 0 zuwa 100. A jikin yashin yake ɗiba, yashin ya ja daga ƙaramar tukunya, ita kuma ta ja daga tumatir ɗin, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jiki in iska ta kaɗa.

Wurin ajiya shine rabin aikin wlh. Inuwa mai iska zaka nema, zaure ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kar ka kulle ta a kicin kusa da murhu, kar kuma ka ajiye akan simintin da rana ta daka don ta gindi zafin zai shigo, gara ka ɗorata akan duwatsu ko katako iska ta zagaya ta. Ka ƙara ruwa safe da yamma, in yashin ya bushe sanyin ya tsaya kenan.

Tukunyar ta fi aiki da hunturu da bazara lokacin da iska take a bushe, da damina musamman Agusta iskar ta riga ta cika da laima, ruwan bazai bushe da sauri ba. Kuma don Allah kar ka sa nama ko kifi ko madara a ciki, firij yana sauka wajen digiri 4, wannan bata kai nan. Tumatir, tattasai, attaruhu, gauta, karas da ganye dai sune nata.