Idan Kwamfuta Mai Windows da Ubuntu Ta Ƙi Tashi

Ɗan'uwa ɗalibi a Madina, kafin ka kai wa mai gyara riyalanka, gwada wannan tukuna.

1. Da ka kunna ta, yi ta danna F2 ko Del, F10 in HP ce, har shafin saitin BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, ya buɗe. A jerin abin da ke fara tashi, ɗaga ubuntu sama da Windows Boot Manager, ka adana. Sau da yawa sabuntawar Windows ce ta birkita jerin, kuma shi ke nan.

2. In baƙin allo ka gani da rubutun grub rescue, ari filashi mai Ubuntu wurin abokin ɗakinka, ka tashe ta da shi, ka zaɓi Try Ubuntu. Kada ka kuskura ka taɓa Install, yana iya share maka komai.

3. Fara kwashe fayilolinka zuwa wani filashin, musamman kundin bincikenka. Gyara ya biyo baya.

4. Jona intanet, sauke Boot-Repair, manhajar gyara tashin kwamfuta, buɗe ta, danna Recommended repair, sannan ka sake kunnawa.

5. In ka shiga Windows, kashe Fast Startup, wato saitin saurin tashi na Windows. In BitLocker, tsarin Windows mai kulle fayiloli, ya nemi makulli mai lambobi 48, duba asusunka na Microsoft ta waya.