Yadda ake ƙawata bishiyar Kirsimeti ba tare da an ƙona fitilu ba

Shekara tara ke nan ina cikin masu ƙawata majami'armu a Jos duk watan Disamba, kuma da wuya shekara ta wuce ban ga sabon shiga ya yi kuskuren nan ba: ya fara rataye ƙwallaye da ƙyalƙyali, sai bishiya ta cika maƙil sannan ya tuna da fitilu. Daga nan a shiga cusa waya ta ƙarfi, ƙwallaye na zubowa, na fashewa na fashewa. Fitila ake fara sawa, sauran kaya su biyo baya. Amma kafin ita akwai ɗan aiki.

Yawancinmu bishiyar roba muke da ita, wadda ta kwana wata goma sha ɗaya a kwali. Idan ka fito da ita, ka kakkaɓe ta a tsakar gida, ka goge da tsumma mai ɗan danshi, ka bari ta bushe sarai. Sannan ka zauna ka buɗe rassan ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙasa, kana karkata wani sama wani gefe har sai ka daina hango sandar tsakiya. Bishiya mai tsawon ƙafa 6 tana cin kusan minti 40. Mutane ba sa son wannan aikin, shi ya sa za ka ga bishiya kamar kazar da ruwa ya buga, an lafta mata kaya don a rufe ramuka. Ƙafafun robar da ake sayar da su tare da ita ba su da nauyi, don haka ka ɗora jakar yashi a kansu, ko ka dasa sandar cikin bokitin yashi ka rufe da zane. Gidan da ke da yara masu rarrafe, wannan dole ne.

To, mu zo ga fitilu, inda na taɓa shan wahala.

Wata shekara yayata ta aiko mana da fitilu masu kyau daga Amurka. Filoginsu bai shiga soket ɗinmu ba, sai na sayo adafta, na naɗe bishiya tsaf, na kira yara su zo su gani. Ina kunnawa suka yi wani haske mai ƙarfi, sai ƙauri, sai duhu. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230, kusan ninki biyu. Adafta bakin filogi kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Tun daga ranar ba na sayen fitila, sabuwa ko ta gwanjo, sai na karanta ɗan rubutun da ke jikin filogi ko takardar da ke manne da wayar. In an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, ta yi. In 110 ko 120 kaɗai ka gani, ajiye ta, sai dai in kana da taransifoma mai rage wuta, kuma kuɗinsa ya isa ya saya maka sababbin fitilu. 'Yan gwanjo da yawa ba su san wannan ba, ba wai suna cutar ka ba ne, kai ne za ka duba.

Ka sayi fitilun zamani da ake kira LED. Tsofaffin fitilun masu ƙananan ƙwai na gilashi suna zafi, suna shan wuta, kuma an jera su ne a layi ɗaya, ƙwai guda ya saki sai rabin waya ya mutu, ka kwana kana lalube. LED ba ta zafi sosai, ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukar ta ba tare da nishi ba. Kala kuwa, ni fari mai ɗan ruwan ɗorawa nake sawa, wanda yake kama da hasken kyandir. Farin nan mai shuɗi-shuɗi yana mayar da falo kamar ɗakin asibiti. Masu launi-launi suna yi wa yara daɗi, ba laifi, amma kada a haɗa iri biyu a bishiya ɗaya. Ɗan akwatin da ke sauya salon walƙiya kuma, ka danna shi har ya tsaya a kan hasken da ba ya ƙiftawa. A cikin majami'a musamman, fitila mai ƙyaftu tana ɗauke hankalin jama'a daga wa'azi.

Yawanci waya ɗaya tana zuwa da ƙwai 100, tsawonta kamar mita 10. Bishiya mai ƙafa 6 ina ba ta waya huɗu. Uku za su yi in aljihu ba nauyi, biyu kuwa ba su isa ba. Ka nemi mai koriyar waya don ta ɓace cikin ganye, farar waya tana tona kanta. Ka sa mai shago ya gwada maka kowace ɗaya a gabanka, ka riƙe wayar ka ji kaurinta. Wadda ta yi siriri kamar zaren ɗinki, ba za ta ga Kirsimeti na biyu ba. Kuma kaya sun fi araha a ƙarshen Nuwamba, kafin a shiga rububin mako na ƙarshe a kasuwar Taminus.

Wajen naɗawa, ka kunna su tukuna, a kunne ake aikin don ka ga inda duhu ya rage. Fara daga ƙasa kusa da soket. Kada ka zagaye bishiyar ta waje kamar mai ɗaure buhu. Ka bi reshe ka shiga da waya har kusa da sandar tsakiya, ka fito da ita ta reshe na gaba, haka har sama. Hasken da ke fitowa daga ciki shi ne ke ba bishiya zurfi. In ka gama zagaye ɗaya, ja da baya taku biyar, ka ɗan runtse ido, wuraren da babu haske za su bayyana. Bishiyar da ke jingine a lungu ba ta bukatar fitila a bayanta, ka tara su a gaba.

Kada ka cusa filogi huɗu a ekstenshin mai araha tare da firji da talabijin. Ka ba fitilu nasu daban, in akwai sitabilaiza a bi ta cikinta, domin wani lokaci in an dawo da wuta takan zo da ƙarfi. A kashe kafin a kwanta, a kashe in za a fita. Lokacin hunturu ne, komai a bushe yake, labule da kujeru ba sa jira. Kyandir kuwa kada ya kusanci bishiyar sam. A Jamus, inda al'adar ta samo asali, kyandirori ake liƙawa a rassa, ana kuma yin gobara, har a shekarar 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗa wa tasa ƙwayayen lantarki 80 a birnin New York. Unguwar da wuta ba ta zama, a nemi fitila mai batir ko mai bakin USB a haɗa ta da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, tana kai wa dare.

Sauran kayan ba su da wuya. Zaɓi kala biyu ka tsaya a kansu, ni ja da ruwan zinariya nake so. Manyan ƙwallaye a ciki da ƙasa, ƙanana a bakin rassa da sama, masu fashewa a inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙwallon roba ya fi na gilashi dacewa da gidajenmu masu siminti da tayil. Ƙyalƙyali kaɗan ya isa. Matan zumunta a wurinmu suna ƙulla ƙyallayen atamfa su rataya tare da ƙananan ƙoƙuna da 'yan faifai, kuma sun fi kayan kanti kyau a idona, ga shi kusan kyauta ne.

Tauraro shi ne na ƙarshe, tunawa da wanda ya ja masanan gabas zuwa Baitalami a Matiyu sura 2. Ka lanƙwasa reshen ƙoli gida biyu don ya iya ɗaukar nauyinsa, in ba haka ba zai sunkuya. Ranar saukewa, ko bayan sabuwar shekara ko 6 ga Janairu, ka naɗe kowace waya a jikin guntun kwali daban, ka sa a leda saboda ƙura da ɓeraye.