Koyon Python da littafin cinikin shago: jagora ga mai farawa a Maradi

Yawancin matasan da ke zuwa wurina don koyon rubuta manhaja sun riga sun kalli darussan bidiyo masu yawa, amma da an ajiye musu aiki na gaske sai hannu ya tsaya. Shawarata a kullum ita ce su nemi littafin da wani ɗan kasuwa yake rubuta shigar kaya da fitarsu, ko na mahaifi ko na maigida, su mai da shi aikinsu na farko. A garin da ake auna gero, wake, riɗi da aya kowace rana, ba a rasa lissafin da yake wahalar da mai shi, kuma harshen Python ya dace da irin wannan aiki, domin kana rubuta layi kana gwada shi nan take.

Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holand, shi ne ya fitar da Python a 1991, amma shekarun da suka fi shafar mai koyo su ne 2008, lokacin da Python 3 ya fito, da 1 ga Janairun 2020, ranar da aka daina kula da Python 2. Har yanzu tsofaffin littattafai suna yawo daga waya zuwa waya, don haka idan ka ga an rubuta print "sannu" ba tare da baka biyu ba, ka ajiye littafin, na tsohon zubi ne. Ana sauke Python kyauta daga python.org. Mai tsohuwar kwamfuta ya yi amfani da Thonny, manhajar rubuta Python wadda ba ta da nauyi, wanda kuma waya kaɗai gare shi yana iya farawa da Pydroid 3 ko Termux, kodayake dogon rubutu a kan waya yana gajiyarwa. Ranar da ka sami intanet mai ƙarfi, ka sauke littafin bayanin Python gaba ɗaya, akwai shi da Faransanci, ka kuma saba da rubuta help(str) ko help(list), wanda ke ba da bayani ba tare da an ci maka ko dala ɗaya ta data ba.

Mataki na farko shi ne a kwashe littafin a zuba a Excel, kowane ciniki a layinsa, da kwanan wata, sunan kaya, yawa, farashi da garin mai saye, sannan a adana shi a matsayin fayil ɗin CSV, wato fayil na rubutu zalla da ake raba bayanan kowane layi da waƙafi. Nan ne ake cin karo da tarkon da darussan Ingilishi ba sa ambata. Kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar galibin na ofisoshinmu, tana raba bayanai da alamar ; maimakon waƙafi, domin waƙafi ya riga ya zama alamar gutsuren lamba, kamar a 12,5. Idan ka karanta fayil ɗin ka ga layi duka ya dunƙule wuri ɗaya, ka ƙara delimiter=";" a cikin csv.DictReader, sannan ka sauya waƙafin da ke cikin lambobi zuwa ɗigo da replace kafin ka yi lissafi da su.

Tarko na biyu na harshenmu ne, kuma ni kaina ya taɓa kama ni. Na rubuta ɗan shirin da ke fitar da rahoton bashi, yana aiki lafiya har sai da ya kai ga wani mai saye daga Ɗan Issa, sai ya tsaya cak da saƙon UnicodeEncodeError, ni kuwa na ɓata yamma guda ina neman laifin a cikin lissafi. Dalilin shi ne, a kan Windows, idan ba ka faɗa ba, Python yakan rubuta fayil da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, wanda ya san é da ç amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Maganin gajere ne: duk lokacin da ka kira open, ka sa encoding="utf-8", idan kuma Excel ne zai buɗe fayil ɗin daga baya, ka sa "utf-8-sig" don kada haruffan su koma shirme. Jerawa ma tana da tata matsalar, domin sorted, umarnin jerawa na Python, yana bin lambar da aka ba kowane harafi ne, saboda haka ƙwai zai faɗo bayan zuma maimakon ya biyo kifi. Sai ka rubuta jerin baƙaƙen Hausa da kanka, ka miƙa wa sorted ta hanyar key. Haka nan mu a Nijar muna rubuta ƴa, maƙwabtanmu na Katsina suna rubuta 'ya, kwamfuta kuwa tana ɗaukarsu kalmomi biyu dabam, don haka ka zaɓi ɗaya ka mayar da duk bayananka gare shi tun wurin shigarwa.

Batun kuɗi yana buƙatar tsayawa. Idan ka tara 0.1 da 0.2 a Python, amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke ajiye gutsuren lamba. Mu mun yi sa'a, domin sefa ba ta da gutsure a hannun jama'a, sai ka ajiye kowane farashi a cikakkiyar lamba. Abin da ya fi haɗari shi ne bakin kasuwa: idan Alhaji ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, jikka kuwa sefa 1000 ce. Ka tambaye shi da wanne aka rubuta littafin, ka ajiye komai da sefa, sannan ka rubuta ƙaramin aiki guda da def wanda zai riƙa raba kuɗin gida biyar idan ana son a gan su da dala. Wanda ya bar ma'aunin biyu suka gauraya a fayil ɗaya, zai fitar da rahoton da maigida zai duba sau ɗaya ya mayar masa.

Da zarar bayanai sun yi yawa, ka koma ga sqlite3, ma'ajiyar bayanai ta cikin fayil guda, wanda yake zuwa tare da Python ba sai an sauke komai ba. Amfaninsa a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama shi ne, ciniki ko dai ya shiga gaba ɗaya bayan ka kira commit, umarnin tabbatar da ajiya, ko kuma bai shiga ba sam, ba a samun rabin layi. Game da tsarin rubutu, ƙa'idar salon rubuta Python, wato PEP 8 ta 2001, ta ce a tura layi ciki da tazara huɗu, ka bi ta tun yanzu.

Kayan aikin da wasu suka rubuta suna rumbun PyPI, ana kuma ɗauko su da pip, amma kowane aiki ka buɗe masa keɓantaccen wurinsa da python -m venv, don kada kayan wannan su ɓata na wancan. Akwai dabarar da ta dace da mu ƙwarai: mutum ɗaya ya yi pip download a inda intanet ke da kyau, ya zuba fayilolin a filashi, sauran su girka da pip install --no-index --find-links, muddin samfurin Python da na kwamfutocin sun zo ɗaya.

Idan ka maƙale, ka karanta saƙon kuskure daga ƙasa zuwa sama, domin layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, na samansa kuma ya nuna inda ya faru. Kwafe wannan layin a neme shi yakan kai mutum Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja wanda tun 2008 yake tara amsoshi. Mai jin Faransanci yana da ƙungiyar AFPy, wadda ke shirya taron PyConFR, kuma jawaban taron PyCon Africa, wanda aka fara a Akara a 2019, suna da amfani ga mai son ganin abin da ƴan nahiyar ke yi. Sai dai a ganina, babu abin da ya kai zama da mutum uku ko huɗu sau ɗaya a mako, ko ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ko abokan unguwa, kowa ya buɗe abin da ya rubuta a duba tare. Duk inda za ka yi tambaya, kada ka ce kawai shirina ya ƙi aiki, kuma kada ka tura hoton allo mai dishi-dishi. Ka rage shirin zuwa ƴan layukan da ke haifar da kuskuren, ka manna saƙon kuskuren cikakke, ka faɗi samfurin Python ɗinka da abin da ka yi tsammanin gani. Kafin ka tura, ka cire sunayen masu bashi da lambobin wayarsu ka sa na ƙirƙira, domin littafin amanar maigida ce aka ba ka.