Yadda mai injin shinkafa zai rage kuɗin wuta bai rage aiki ba

Ina da injin gyaran shinkafa a yankin Kura, kuma kusan duk zaman da za mu yi da 'yan'uwa masu wannan sana'a, daga Kadawa har Garun Malam, sai hira ta gangaro kan wuta. Kowa ya san abin da ya biya a wata. Amma ka tambayi mutum nawa wuta ta ci a kan buhu ɗaya na shanshera da ya gyara, sai ya yi shiru. To wannan lissafin shi nake so mu fara da shi, domin da shi ne kaɗai za ka gane ko wutar gwamnati ce ta fi maka, ko janareta, ko sola, da kuma lokacin da ya kamata ka tayar da inji.

Ka samo littafi guda ka ajiye kusa da mita. Da safe kafin a kunna komai, yaron inji ya rubuta lambar da mita ta nuna, da yamma ya sake rubutawa. A gefe ya sa litar gas ɗin da aka zuba wa janareta, da yawan buhunan da aka gyara a ranar. Mako biyu ya isa ka ga gaskiyar lamarin.

Sai ka ɗauko takardar bil ɗinka ka duba abu biyu. Na farko rukunin layin da kake kai. Tun 2020 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta raba masu amfani da wuta gida biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: Band A awa 20 zuwa sama, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Kamfanin KEDCO, wanda ke raba wuta a Kano da Jigawa da Katsina, da wannan tsari yake caji. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, daga baya aka sauko da shi, a watan Yulin shekarar ya tsaya a naira 209.5. Sauran rukunan gwamnati ta ci gaba da biya musu tallafi. Ba kai kake zaɓar rukuni kamar yadda ake zaɓar kaya a kasuwa ba, layin da taransifomarka ke rataye a kai shi ke yanke hukunci. Amma kana da haƙƙi: dokar da ta zo da ƙarin 2024 ta ce layin Band A da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake bayarwa. Saboda haka a littafin nan naka ka buɗe shafi na lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Ranar da za ka kai ƙorafi, wannan shafin ne shaidarka. Ana fara kai wa sashen ƙorafi na kamfani a rubuce, ka riƙe kwafi da tambarin karɓa. In ba a warware ba sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ake kira Forum, sannan ita hukumar kanta.

Abu na biyu shi ne ajinka. Za ka ga an rubuta Non-MD ko MD1 ko MD2. Wanda nauyin da yake ja a lokaci guda ya haura kVA 45 (kVA shi ne ma'aunin wannan nauyin) shi ne ke shiga ajin MD, wato ajin masu jan wuta da yawa. Moto mai doki 30 guda ɗaya yana jan kusan kVA 30 in yana aiki sosai, ka ga ke nan mai manyan moto biyu ya riga ya tsallaka. Mitar MD ba ta karanta wutar kai tsaye, ta wasu zobba take karantawa da ake sakawa a jikin wayoyi, kuma akwai adadin da ake ninka abin da ta nuna da shi. In an rubuta 200/5 a jikin zoben, da 40 ake ninkawa. Don Allah ka buɗe akwatin tare da ma'aikacin kamfani, ka ga wannan lamba da idonka, ka gwada ta da wadda ke kan bil. Kuskure a nan wajen ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma wata bayan wata yake ci.

Yanzu lissafin da na fi so kowa ya iya. Doki ɗaya kilowat 0.746 ne, don haka moto mai doki 30 kusan kilowat 22 ne. Yunit ɗaya kuwa kilowat ɗaya ne na tsawon awa guda. In ya yi awa takwas cike da kaya, ya sha aƙalla yunit 176, wato wajen naira 37,000 a farashin Band A na 209.5, kafin a ɗora harajin VAT na kashi 7.5. Janareta mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai, litar gas ɗaya tana ba da yunit uku ko sama kaɗan. Ka raba kuɗin lita gida uku. A ce ka sayi lita naira 1,200, yunit ɗaya ya tashi naira 400, ba a sa bakin mai da matata da kuɗin makanike ba. Shi ya sa nake gaya wa masu kukan Band A cewa in wutar tana zuwa da gaske, har yanzu ta fi gas sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ke kan layi mai arha amma rabin aikinsa a kan janareta yake.

A ƙasar nan an soke kuɗin dindindin da ake ɗorawa kan bil kowane wata tun 2016, abin da ka sha shi kake biya. Wani zai ce to me ya dame ni da yawan nauyin da na ja a lokaci guda? Ya dame ka ƙwarai. Wannan nauyin shi ke yanke girman janaretan da za ka saya, da girman taransifoma, da kaurin waya, da ajin da za a sa ka. Moto in aka tayar da shi kai tsaye yakan ja wuta ninki shida ko bakwai na abin da yake ja in ya daidaita, na 'yan daƙiƙu. In yaranka suka danna na ɓarewa da na gogewa da na tsince tsakuwa da fanka duk a tare, sai ka ji janareta ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, ƙwan fitila ya yi ja. Daga nan sai mutum ya yanke cewa janareta ya yi masa kaɗan, ya je ya ciyo bashin babba. Babban kuma in yana tafiya da kayan da bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba, gas yake sha a banza, salansa ta riƙa zubar da baƙin mai.

Maganin a hannunka yake. A fara tayar da babban moto shi kaɗai, babu shinkafa a cikin mazurari, a jira muryarsa ta daidaita, sannan na biye da shi, har zuwa ƙarami. Ni da fenti na rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin makunnan, don ko sabon yaro aka kawo ba zai rikice ba. Duk moton da ya haura doki 10, ka sa mai gyaran wuta ya haɗa masa makunnin sita-delta, wanda ke rage jan farko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Famfon rijiyar burtsatse kuwa babu dalilin da zai sa ya yi aiki lokacin da ake casa. A cika tanki da asuba ko da dare.

Akwai kuma kapasito. Moto yana jan wata wuta da ba ta zama aiki, tana dai cika waya da taransifoma tana sa su zafi. Akwatin kapasito da aka auna daidai yana rage wannan, sai taransifoma ta samu sarari. Amma ka tabbata mai haɗawar ya san kana da janareta, domin kapasiton da ya yi yawa yana rikita wutar janareta. Kada a saya da ka, a auna tukuna.

Lokacin aiki ma kuɗi ne. Daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare kowa ya kunna kayansa, wuta takan yi rauni a layukan karkara masu tsawo. Wutar da ta yi rauni tana sa moto ya ƙara ja, ya yi zafi, har ya ƙone, kuma moton da aka sake naɗawa sau da yawa ba ya komawa yadda yake, ya fi shan wuta. Haka in layi ɗaya cikin ukun ya ɗauke. Akwai 'yar na'ura mai kashe inji da kanta in haka ta faru, kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin naɗin moto ɗaya ba. A lokacin kaka, da shanshera ta cika fili, ni bayan sallar asuba nake fara casa, domin a wajenmu lokacin ne wuta ta fi ƙarfi, iska ma da sanyi. Kuma na daina tayar da inji saboda buhu biyu. Ina roƙon mata masu turara su tara kayansu a yi musu a jere, in rage musu wani abu a kan buhu. Su sun samu sauƙi, ni kuma inji bai yi ta juyawa fanko ba.

Bel mai sako-sako, boris da ya bushe babu giris, rariyar da ta toshe, robar ɓarewa da ta cinye, duk wuta suke ci. Ka sa hannu a bayan moto bayan awa guda, in ka ji zafinsa ya wuce yadda ya saba, akwai magana. Buntun da ke tare a bayan inji kuma makamashi ne na turara, ba sai ka sayi itace ba.

Game da sola, shawarata ka fara da ƙananan kaya: fitilu, ofis, sikeli, keken ɗinke buhu, famfon ruwa. Waɗannan su ne ke sa a bar babban janareta yana ruri alhali ba a casa. Ɗora babban moto kan batir kuwa jari ne mai nauyi, sai littafinka ya nuna zai biya kansa. In kuna da yawa a wuri guda, kamar yadda injina suka jeru a bakin titin Zariya, ku haɗu ku binciki tsarin ƙaramar tashar sola da ake jonawa da layin kamfani, irin wadda aka yi a Zawaciki, nan jihar Kano. Ƙa'idojin NERC sun yarda a ƙulla yarjejeniya tsakanin jama'ar wuri da mai zuba jari da kamfanin raba wuta, sola ta riƙe rana, layin kamfani ya cike sauran. Mai zuba jari abin da zai fara tambaya shi ne yunit nawa kuke sha a rana, kuma da wane lokaci, don haka kowa ya je zaman da littafinsa a hannu.