Yadda za ka samu shiga gudun fanfalaki na Boston, da yadda za ka kai ƙarshe ba tare da hanyar ta cinye ka ba

Bari in fara da abun da yake ba mutane mamaki, gudun Boston ta Amurka ba irin wanda za ka biya kuɗi kawai ka karɓi lamba ka manna a ƙirji bane. Sai ka nuna musu takarda cewa ka taɓa gudun kilomita 42.195 a wani waje cikin lokacin da suka yanka wa masu shekarunka. Shi yasa a duniyar masu gudu in mutum yace ya samu lokacin Boston, to har wani kallo ake masa.

Gudun nan tsoho ne fa sosai, shi ne mafi daɗewa a cikin irinsa da ake yi duk shekara. An fara shi ranar 19 ga Afrilu 1897, shekara ɗaya bayan wasannin Olamfik na zamani na farko a Athens ta ƙasar Girka, inda John Graham na ƙungiyar wasanni ta Boston Athletic Association ya ga yadda aka yi ya dawo gida yace mu ma sai mun yi namu. Mutum 15 ne suka tashi a ranar, John McDermott ya zo na ɗaya cikin 2:55:10, kuma hanyar a lokacin ba ta ma kai kilomita 40 ba, daga Ashland aka tashi, sai a 1924 aka mayar da wajen tashi Hopkinton. Ka riƙe wannan 2:55:10 ɗin a ranka, yanzu za ka ga dalili.

To abu na farko, lokacin cancanta. Tun 1970 aka fara wannan tsari don jama'a sun yi yawa. A gudun 2026 namiji mai shekara 18 zuwa 34 sai ya yi awa 2 da minti 55, mace kuma awa 3 da minti 25, daga nan duk rukunin shekaru na gaba ana ɗan sassauta masa. Kaga kenan wanda ya ci gudun farko da kansa da zai dawo yau yana matashi, daƙiƙa 10 ce za ta hana shi ko cike fom. Shekarun da ake lissafawa su ne naka a ranar gudun ba ranar da ka yi rajista ba, don haka in kana dab da tsallakawa wani rukuni ka yi lissafinka da kyau, wasu da haka suke samu.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Cika lokacin ba shi ne shiga ba, dama ce kawai ta neman gurbi. Mutum wajen 30,000 hanyar take ɗauka, masu nema kuwa sun fi guraben, sai a jera su daga wanda ya fi zarce lokacinsa zuwa ƙasa a yanke inda gurbi ya ƙare. A gudun 2024 sai wanda ya fi lokacinsa sauri da minti 5 da daƙiƙa 29 aka ɗauka, a 2025 kuwa abun ya kai minti 6 da daƙiƙa 51, dubban mutane da suka cika sharaɗi aka ce musu sai haƙuri. Shawarata, duk lokacin da aka rubuta wa rukuninka ka cire minti 7 daga ciki, shi ne ainihin abun da za ka yi wa atisaye.

Gudun da za ka nemi lokacin a cikinsa dole ya zama cikakken fanfalaki, rabi ba ya aiki, kuma hanyar ta zama wadda aka auna aka tantance a hukumance, ka duba wannan tun kafin ka biya kuɗin shiga kar ka sha wahalar banza. Ga wanda yake Najeriya akwai gudun Legas da ake yi a watan Fabrairu tun 2016, sai dai zafi da gumin Legas ba sa taimakon mai neman lokaci, in kana da hali ka nemi gari mai sanyi da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Rajistar Boston a watan Satumba ake buɗe ta na 'yan kwanaki ta intanet, ba rige-rige bane, wanda ya cike ranar farko da na ranar ƙarshe duk ɗaya suke, lokacinka ne zai yi maka magana. Akwai kuma ƙofar ƙungiyoyin agaji da aka fara a 1989, su ba ka lamba kai kuma ka tara musu gudummawa, amma dubban daloli ake magana. Maganar bizar Amurka kuwa ka fara ta da wuri, kar ka bari sai Maris.

Kuma don Allah kar ka ce za ka yi wayo. A 1980 wata Rosie Ruiz ta faɗo cikin hanya dab da ƙarshe ta shigo a matsayin mace ta ɗaya, har kambi aka ɗora mata, bayan kwana 8 aka gano aka ƙwace aka ba Jacqueline Gareau ta Kanada wadda ita ce ta yi gudun da gaske. Yanzu na'ura ce a jikin lambarka tana rubuta wucewarka a wurare da yawa a kan hanya.

Ranar gudun Litinin ce, ta uku a watan Afrilu, ranar hutu a jihar Massachusetts da suke tunawa da faɗan Lexington da Concord na 1775, farkon yaƙin ƙwatar 'yancinsu daga Ingila. Da can ranar 19 ga wata ake yi, daga 1969 aka tsayar da Litinin. Tun da sassafe za a kwashe ku daga tsakiyar Boston a motocin 'yan makaranta masu ruwan ɗorawa zuwa Hopkinton, ɗan ƙaramin gari, ku zauna a filin makaranta kuna jira awa da awanni, rukunin farko na gama-gari sai ƙarfe 10 yake tashi, wato 3 na yamma agogon Najeriya da Nijar in 'yan gida za su kalla. Ka tanadi tsohuwar rigar sanyi irin ta gwanjo wadda ba za ka ji ciwon yarwa ba, don a wajen tashi za ka tuɓe ta ka bari, ana tattarawa a bayar sadaka. Yanayin garin a Afrilu ba shi da alƙibla, a 1976 zafi ne ya yi tsanani har mutanen unguwa suka riƙa fesa wa masu gudu ruwa da tiyo, a 2018 kuma ruwan sama ne da iska da sanyi mai shiga ƙashi, manyan gwanaye da yawa suka janye, Yuki Kawauchi na Japan wanda a lokacin ma'aikacin gwamnati ne ya ci na maza, Desiree Linden ta Amurka ta ci na mata. Ka shirya wa duka biyun kawai.

Yanzu hanyar kanta, kuma nan ne nake so ka nutsu. Garuruwa 8 take ratsawa, Hopkinton, Ashland, Framingham, Natick, Wellesley, Newton, Brookline sannan Boston, kuma daga farko zuwa ƙarshe gangare ne na kusan mita 140. Saboda wannan gangaren da kuma yadda wajen tashi ya yi nisa da wajen ƙarewa ba a lissafa lokacin Boston a matsayin tarihin duniya, Geoffrey Mutai na Kenya ya yi 2:03:02 a 2011, ba wanda ya taɓa yin irinsa a lokacin, amma ba a rubuta masa ba. Mai jin gangare zai ce ai sauƙi ne. Ina! Kilomitocin farko hanya ce take janka, ƙafa sabuwa, jama'a na ihu, sai ka duba agogo kaga kana gudun da ba ka taɓa yi ba kuma ba ka jin komai, alhali gangare yana nan yana cin naman gaban cinyarka a hankali, ba za ka sani ba sai bayan kilomita 25. Ka danne zuciyarka, ka bar masu wuce ka su wuce, da yawansu za ka same su a Newton suna tafiya da ƙafa. A atisayenka ma ka sa gudun gangare, ba hawa kaɗai ba.

Wajen rabin hanya za ka fara jiyo wata ƙara tun daga nesa, ɗaliban kwalejin mata ta Wellesley ne suke jeruwa a bakin titi suna ihu, al'ada ce tun zamanin farko. Abun dariyar shi ne mata sun fi shekara 70 suna yi wa gudun ihu ba a bari su shiga. Bobbi Gibb a 1966 cikin shuke-shuke ta ɓuya kusa da wajen tashi ta shige ba lamba, ta gama cikin 3:21:40. Shekara ta gaba Kathrine Switzer ta yi rajista da haruffan farkon sunanta aka ba ta lamba 261, wani jami'in gudun Jock Semple ya biyo ta a guje zai fizge lambar, aka ture shi gefe ta ƙarasa. Sai 1972 aka yarda da mata a hukumance, su 8 suka tashi kuma duk suka gama. 'Yar'uwa in ke ce ke karanta wannan, hanyar da aka share miki kenan.

Daga wajen kilomita 26 tudun Newton suke farawa, guda 4, na ƙarshensu shi ne Heartbreak Hill, wato tudun karya zuciya, tsakanin kilomita 32 da 34. In ka gan shi da rana tsaka kana yawo za ka raina shi, hawan bai fi mita 27 ba, matsalar inda aka ajiye shi ne. Sunan daga 1936 ya samo, Johnny Kelley ya cim ma Ellison Brown a kan tudun nan ya ɗan dafa kafaɗarsa zai wuce, ashe tsokano tsuliyar dodo ya yi, Brown ya zabura ya ci gudun, Kelley ya ƙare na 5. Shi dai Kelley bai yi zuciya ba, sau 61 ya shiga gudun nan a rayuwarsa, ya ci a 1935 da 1945. Dabarar tudun ita ce ka gajarta taku ka daina kallon agogo, ƙarfin numfashinka za ka riƙe daidai ba sauri ba. Kar ka ga wai gwanaye suna tsira, Eliud Kipchoge da kansa ya zo a 2023 yana riƙe da tarihin duniya, a tudun Newton ɗin nan ya sare ya ƙare na 6. Amma 'yan Afirka sun daɗe da gane kan hanyar, tun Ibrahim Hussein na Kenya da ya fara ci a 1988 da Fatuma Roba ta Habasha da ta ci sau 3 a jere daga 1997 zuwa 1999.

Bayan tudun sai gangare kuma, a nan ne cinyar da ka tanada za ta biya ka. In ka hango babban allon kamfanin mai na Citgo a dandalin Kenmore ka san ka kusa, daidai wajen saura mil ɗaya, kuma jama'a za su cika maƙil don ƙungiyar ƙwallon baseball ta Red Sox tana buga wasanta da hantsi a filin Fenway a ranar gudun, 'yan kallo suna fitowa kai tsaye bakin titi. Sai ka sha kwana dama zuwa titin Hereford, hagu zuwa Boylston, ka hango ƙarshe amma yana da ɗan nisa fiye da yadda ido ke gaya maka, wajen mita 600. A kan titin nan ne bama-bamai 2 suka tashi a 2013, mutum 3 suka rasu, sama da 260 suka ji rauni, Lelisa Desisa na Habasha da ya ci a shekarar ya mayar wa birnin lambar yabonsa. Tun daga nan tsaro ya tsananta, jakar leda mai nuna ciki da za a ba ka ita kaɗai za ka yi amfani da ita, 'yan rakiyarka ma ka gaya musu kar su ɗauko manyan jakunkuna.

Wanda ya zo na ɗaya kambin ganyen zaitun daga Girka ake ɗora masa a ka. Kai kuma za a rataya maka lamba mai shuɗi da ruwan ɗorawa da hoton doki mai ƙaho ɗaya, tambarin ƙungiyar, a lulluɓa maka bargon leda. Ka shirya tun farko inda za ku haɗu da naka don waya tana wahalar shiga a cikin cunkoson, sannan washegari in za ka sauka daga bene ka juya baya ka sauka da baya-baya, cinyar ba za ta yarda da gaba ba.