Yadda ake daidaita awon ƙasusuwa wajen gina kwarangwal ɗin doki

Kwarangwal na farko da na gina da waya da yumɓu, duk wanda ya gani sai ya ce jaki ne. Kan ya yi girma, ƙafafu sun gajarce, domin da ido kawai na yi aikin. Ga hanyar da ta gyara mini hannu.

Fara da samun hoton doki daga gefe, wanda aka ɗauka daga nesa, kyamara daidai tsayin cikinsa. Hoton kusa yana kumbura ɓangaren da ya fi matsowa.

Sai ka mai da tsawon kan dokin ma'auninka. Wannan dabara ce tun zamanin Claude Bourgelat, Bafaranshen da ya kafa makarantar likitan dabbobi ta farko a birnin Liyon. Yanki tsinke daidai tsawon ƙoƙon kan da za ka gina, daga ƙeya zuwa baki. Daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, wurin da gaban sirdi ke zama, kusan tsinke biyu da rabi ne. Daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu ma haka. Wato gangar jiki da ƙafafu suna shiga cikin murabba'i. Zana shi a kwali kafin ka taɓa waya.

Yanzu lanƙwasa wayar ƙashin baya. Nan ake yawan kuskure. Ƙasusuwan wuya 7 ba sa bin layin geza. Suna saukowa can ƙasa cikin wuya, su yi lanƙwasa kamar harafin S kafin su shiga ƙirji. Bayansu akwai 18 na ƙirji, kowanne ɗauke da haƙarƙari biyu, sai 6 na kwankwaso, da 5 da suka manne wuri ɗaya. Idan ƙasusuwan mayanka kake dubawa, ka tuna haƙarƙarin saniya 13 ne a kowane gefe.

Ƙafafu su ne suka fi cin lokaci, kuma sun cancanci hakan. Ka sa alamar kowace gaɓa da ɗan dunƙulen yumɓu tun kafin ka yi wa ƙashi kauri. Abin da muke kira gwiwar gaba a doki, a gaskiya wuyan hannu ne; gwiwar hannunsa tana sama, manne da ƙirji. A baya, gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya idon sawu ce, ainihin gwiwa kuwa tana kusa da ciki. Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye, kofato shi ne farcensa. Allon kafaɗa ka kwantar da shi a karkace, kada ka haɗa shi da ƙirji da wani ƙashi, tsoka ce ke riƙe da shi.

Kafin yumɓu ya bushe, ɗauki hoton aikinka daga nesa, ka ajiye shi gefen na farko, ka sake bin kowace gaɓa da tsinken nan. Inda ya saɓa, ɓare yumɓun ka gyara wayar.