Yadda makaranta za ta tara kuɗin aiki ta hanyar sayar da kaya

Kafin a zaɓi abin sayarwa, kwamitin iyaye da malamai ya fara tsayar da aiki guda da kuɗinsa: benci 30 ne, ko gyaran rufin aji, ko walimar saukar Alƙur'ani. A karɓo farashi a rubuce daga kafinta ko magini, sannan a yi lissafin daga baya zuwa gaba. A ce aikin naira 300,000 ne, ribar kwalbar sabulun ruwa kuma naira 150. Kwalba 2,000 ke nan. Makaranta mai ɗalibai 400 za ta iya zama gida 250 kawai, domin wa da ƙani gidansu ɗaya, watau kowane gida sai ya sayi kwalba takwas. Wannan ba zai yiwu a mako ɗaya ba. Ko dai a raba shi zango uku, ko a haɗa da wani kaya mai riba mafi kauri.

Kayan da ya fi tafiya shi ne wanda iyaye dama suna saye a wani wuri: hijabi da yadin yunifom, littafin rubutu mai tambarin makaranta, sabulun wanki, kalanda. Zobo da kunun aya suna da kasuwa, musamman da azumi, amma ba sa kwana idan babu sanyi, kuma abin sha da aka ɗura a kwalba don kasuwa yana ƙarƙashin dokar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. A bar su sai ranar taro, a yi a shanye a ranar.

Sabulun ruwa ya fi sauƙin farawa domin jarinsa kaɗan ne kuma yana ajiyuwa. Masu sayar da sinadari a kasuwa suna auna kayan haɗin lita 20 ko 25 a ƙulli ɗaya, sai a sa su rubuta sunan kowane a jikin ledarsa. Manya ne za su haɗa, da safar hannu da takunkumi, a cikin bokitin roba. Tukunyar alminiyom ba ta yi, kostik soda, ɗaya daga cikin sinadaran haɗin, na cin ta. Ana zuba kostik a cikin ruwa ne, ba a zuba masa ruwa a kai, domin yana ɗaukar zafi yana fantsama. A jiƙa shi tun daren jiya ya huce. Garin da ke sa kauri kuwa a barbaɗa shi kaɗan-kaɗan ana juyawa, in ba haka ba ya yi gudaji. Bayan an gama a rufe shi ya kwana kumfar ta kwanta, domin kwalbar da aka ɗura da kumfa gobe za a same ta ta ragu, mai saye ya ce an cuce shi. Lita 25 a takarda kwalba 50 ce ta rabin lita. A lissafa 46, saura na zuba da na gwaji ga masu son gani.

A nan ne yawancin kwamitoci suke yin tuntuɓe: sai a cire kuɗin sinadari kawai a kira sauran riba. Kwalba da murfinta, takardar liƙi, kuɗin mota zuwa kasuwa, ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa, har cajin mai POS, duk jari ne. A tara su, a raba da adadin da za a sayar da gaske.

Kalanda lissafinta daban. Yawan kwafi ne ke rage farashin bugawa, amma abin da bai fita ba zuwa ƙarshen Janairu ya zama takardar ƙunshin ƙosai. A kai wa maɗaba'a aiki a Nuwamba, ta Hijira kuma wata guda kafin Muharram. Gurbin talla a ƙasan shafi, idan aka sayar wa masu shaguna na unguwa tun kafin bugu, yakan ɗauke kaso mai kyau na kuɗin bugun.

Hijabi da yunifom kada a ɗinka sai an karɓi oda. A aika takarda gida mai gurbin suna, aji, girma da adadi, a karɓi aƙalla rabin kuɗi, a sa ranar rufewa, kwana goma ya isa. Sannan a sari yadi a dila, irin na Kantin Kwari a Kano, bandir ɗaya launi ɗaya, domin shuɗin yau da na wata mai zuwa ba lallai su zo ɗaya ba.

Ba a ɗora wa yara talla, kuma ba a ce kowane yaro sai ya kawo kuɗin kwalba kaza. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, don haka saye ganin dama ne, kuma shugaban makaranta ya sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma tun farko. Wurin sayarwa teburi ne a bakin ƙofa lokacin tashi, da ranar karɓar sakamako, da taron iyaye.

Bashi shi ke kashe wannan aiki, kuma masu cinsa na gida ne: malami ya ɗauki biyar sai an yi albashi, ɗan kwamiti ya ɗauki goma. A rubuta a allo cewa babu bashi ga kowa, har shugaba. Mai riƙe kaya daban, mai karɓar kuɗi daban, kowace yamma su haɗa ƙirgen abin da ya fita da rasiɗin da aka yanka. Kuɗin ya shiga asusun banki na kwamiti mai sa hannun mutum biyu, kada ya bi ta asusun wani malami ko da amintacce ne. Duk ranar Alhamis ma'aji ya liƙa takarda a ƙofar ofis: abin da aka sayar, abin da aka kashe, abin da ya rage a kai ga kuɗin aikin. Daga ribar zagayen farko a ware jarin zagaye na biyu kafin a ba kafinta ko sisi.